Shekarar da Buzuzu Ya Leƙa Rumbun Malam

Da sunan Allah nake farawa, Shi da Ya ja kwanana har na ga abin da zan faɗa muku. Jikata Hadiza ce ke riƙe da alƙalami, ni nawa baki ne, don ban taɓa zama aji ba. Ku 'ya'yana da jikokina nake yi wa wannan magana, saboda na ji abin da ake gaya wa ƙananan cikinku a Dundaye, wai ni na sa aka rushe rumbun kakansu tun ƙasar kabarinsa ba ta kwanta ba, wai har dariya aka ji ina ƙyaƙyatawa cikin takaba. Duka biyun an yi su. Sai dai wanda ya ba ku labarin tsakiyarsa kaɗai ya miƙa muku, shi ya sa nake so ku ji farkonsa da ƙarshensa daga bakina.

Malam, Allah Ya jiƙansa, maginin rumbu ne. Daga nan har ƙauyukan hayin gulbi, in ka ga rumbun ƙasa mai ciki kamar tulu, ka duba wuyansa, in akwai shaidar tafin hannu a jikin yumɓun to nasa ne, haka yake rufe kowane aiki. Kuma shi ake kira in za a fid da dammunan gero, domin irin rumbunmu ba shi da ƙofa, baki gare shi a sama, sai an ɗage jinka mutum ya dira ciki kamar mai shiga rijiya, ya riƙa miƙo dami waje. Ba kowa ke iyawa ba. Babban abin alfaharinsa shi ne tsohon gero. A cikin shingen gidanmu akwai wani ƙaton rumbu da yake ajiye geron shekaru, ba ya bari ya ƙare, sabo bisa tsoho, kuma duk wanda yunwar damina ta matsa a unguwa ya san inda zai zo.

Tarin ya daɗe tare da shi. In ya shiga rumbu da hantsi, kafin la'asar zazzaɓi ya rufe shi, ƙirji ya ɗaure, tari ya zo da wani ɗan fito a ƙarshensa. Mu ce sanyi ne, in dafa masa citta da kanumfari, kwana biyu ya miƙe ya koma. Shekara na bin shekara numfashinsa na gajercewa, har ya zama daga zaure zuwa masallaci sai ya tsaya ya dafa bango. Ya rasu da damina, gero ya kai gwiwa. A asibiti da suka duba hoton ƙirjinsa sai suka tambaya ko yana shan taba, mutumin da ko goro sai an matsa masa. Mun zauna tare tun ina yarinya ƙarama, bai taɓa ɗaga mini murya ba, kuma har yau in na ji tari a bayan katanga sai na ɗaga kai kafin in tuna. Hadiza, bari in share ido, ci gaba.

Ɗan farina shi ya gaji sana'ar, shi ya sa kowa ke ce masa Magaji. Kun san al'adarmu da ɗan fari. Tun da na haife shi ban taɓa kama sunansa na yanka ba, ban taɓa tsayawa na dube shi ido cikin ido ba, in ina da magana sai in aika ta bakin wani ko in faɗa wa bango yana ji. Ba ƙi ba ne, kunya ce, haka uwata ta yi da yayana. To ana gama sadakar arba'in, ina zaune a ɗaki sai na ji tari daga zaure, da wannan ɗan fiton a ƙarshe. Na ɗauka kunnena ne ke yi mini gizo. Ashe Magaji ne, ya dawo daga fid da geron wani. Na aika matarsa ta tambaye shi, ya ce a gaya wa Inna sanyi ne.

Autata Luba ita ce ta ƙi yarda da sanyin nan. Tana aiki a jami'ar da ke kusa da mu, kuma na daɗe ina jin ana cewa aikinta na iska ne, ban gane ba sai cikin takabar nan da take zuwa ta taya ni zama. Ta ce iskar da muke gani wayam ba wayam take ba, cike take da abubuwa masu rai da waɗanda suka fito daga masu rai, bununin gero da na ciyawa, ƙaiƙayi, hayaƙin kara, da ƙwayar fumfuna wadda ta fi garin tuwo laushi nesa ba kusa ba. Su aikinsu su kama waɗannan su gane mene ne, daga ina ya taso, ina yake zuwa. Ta ce tana zargin abin da ya cinye ƙirjin ubanta a cikin rumbu yake. Da ta faɗa wa yayanta, dariya ya yi mata.

"Auta, karatu ya yi maki yawa. Geron da munka ci munka girma shi ka kashe mutum?"

Ta ce masa za ta kawo abin da zai nuna masa. Ya ce in ta kawo zai gani.

Da kaka ta kama sai ga ta da wani baƙin akwati. Ta buɗe a tsakar gidana ta fito da jirgin nan mara matuƙi, aron jami'a, wanda za a karɓe a kai wa masu aikin fadama da zarar an gama kaka. Bai fi babban faifai ba, da fankoki huɗu a kusurwoyinsa, a ƙarƙashin cikinsa kuma wani ɗan gwangwani mai zuƙar iska. A bakin gwangwanin ake sa wata farar takarda zagayayya kamar bakin kofin shayi. Luba ta ce matacin koko ne, iska ta wuce, abin da ke cikinta ya maƙale, sannan a kai ɗakin bincike a duba da madubin da ke ƙara girman abu. Na ce to wa zai tuƙa shi? Ta nuna mini yatsunta biyu.

Ranar da ya fara tashi ba zan manta ba. Ya yi wani gurnani, ƙasa ta watse, kajina suka bi ta kan danga, akuyar matar Magaji ta tsinke igiya, mayafina ya nemi barin kaina. Sai ga abu ya ɗaga cak, ya tsaya daidai tsayin darbejiya ba ya gaba ba ya baya, sannan ya yi sama har ya koma kamar ƙuda. Ban san lokacin da na miƙe tsaye ba. Zuciyata na bugawa kamar ranar da na fara shiga mota. Ni da na yi watanni abinci ba ya yi mini daɗi, sai ga ni ina jan hannun Luba ina cewa ƙara, ƙara sama. Matan maƙwabta da suka ji ƙarar suka ce wannan ai buzuzu ne, sunan kuwa ya bi shi har yau.

Luba ta zaunar da ni ta ɗora mini wani allo mai nuna hoto a cinya, domin Buzuzu yana da ido, abin da ya gani shi ke fitowa. Na ga gonaki an yi girbi, dammuna a tsaye jere. Na ga gulbi ya lanƙwasa yana ƙyalli, na ga fadama da fangalan albasa kamar an shimfiɗa tabarmi, na ga hanyar birni da motoci kamar tururuwa. Shekarata nawa a garin nan ban san haka Allah Ya tsara shi ba. Sai na hango wani fili mai itatuwa a gefen gari, na gane shi. Na ce ta tsayar. Ta tsayar da shi can sama, na yi wa Malam addu'a ina kallon maƙabartar da ƙafata ba ta taka ba. Na yi kuka, amma kukan ranar daban yake da na kullum, ya fita da nauyi.

Ƙanen Malam, Sidi, wanda kuke ce wa Baffa, ya ji labari ya zo yana faɗa daga bakin zaure. Tsakanina da shi akwai wasan ƙanen miji tun ina amarya, don haka ban ji tsoronsa ba. Ya ce mai takaba ba ta fita, ga shi an ce har bakin gulbi na je. Na ce masa ƙafata tana bisa tabarma, in akwai littafin da ya hana ido yawo ya kawo a karanta mini. Ya tafi yana gunaguni cewa mata sun lalace tun da aka kawo waya.

Kafin a fara aikin sosai Luba ta je wajen mai unguwa, aka yi sharaɗi cewa ita kaɗai, mace, za ta riƙa duban allon in ana bisa gidaje, kuma duk ranar da za a tashi sai mai shela ya zagaya tun jajibiri don mata su kimtsa. Haka aka yi ta yi. Kullum ta dawo da takardunta cikin 'yan kwalabe, ta kai jami'a, ta komo fuska a murtuke. Ta ce ita abin ya ɗaure mata kai. Ga kaka, lokacin da kowane gida ake sussuka da shiƙa, ya kamata takarda ta cika da ƙaiƙayi da abin da ke tashi daga hatsi, amma ba komai sai wani baƙin hayaƙi, kuma in ta buɗe kwalba abokan aikinta sai su ce wa ya shigo da amarya.

Amsar da ƙafarta ta zo. Hajiya Kulu maƙwabciyata, wadda duk matan unguwa ke bin maganarta a biki da suna, ta shigo gaishe ni ta zauna tana gyara ɗaurin kallabi irin na wanda ya yi abin a yaba.

"Ke dai kina cikin ɗaki ba ki sani ba," in ji ta, "amma mun hid da ɗiyarki kunya. Tun da anka ce jirgin ga iskar garinmu za shi ɗiba shi kai ma manya, nic ce wallahi ba a zuwa da warin Dundaye ko'ina. Duk ranar da anka yi shela, ba sussuka, ba shiƙa, ba ƙona shara. A share gida a yayyaha ruwa, kowace mace ta aza kasko bisa katanga ta zuba turaren wuta. Ni nawa na auren ɗiyata Hassi nih hiddo, mai itacen sandal."

Na dube ta, na tuna fuskar Luba da kwalabenta, sai dariya ta ƙwace mini. Na toshe baki da mayafi ta ƙi tsayawa, har hawaye, har na kwanta bisa tabarma. Kulu ta tsorata ta ɗauka aljanu ne. Wannan ita ce dariyar da aka ji ta bayan katanga aka kai wa Sidi. In Malam na da rai da ya fi ni dariya, shi da yake cewa matan unguwar nan ko ɓarawo ya shigo sai sun shimfiɗa masa sabuwar tabarma.

Da Luba ta ji, ita ma ta yi dariya, sannan ta zauna bakin rijiya ta yi tagumi, don rabin kakar ya tafi a turare. Ta je da kanta ta roƙi Kulu, ta ce mata baƙon nan likita ne, ba a yi wa likita kwalliya a ɓoye ciwo. Kulu ta ji kunya, kuma kunyar Kulu ba ta tsayawa rabin hanya. Shela ta gaba duk matan unguwa suka fito da turame lokaci guda, mai sabon gero da mai tsoho, ana luguden taɓare ana ɗaga ƙwarya sama ana shiƙa ana kiran Buzuzu ya zo ya sha. Ina jin su daga ɗaki ƙafata na motsi da kanta. A ranar takardu suka dawo da kaya, kuma Luba ta ga abin da take nema, ƙwayar fumfuna, kaɗan a inda ake sussukar sabon gero, da yawa a inda aka fito da tsoho.

Ta kai wa Magaji. Ya ce wannan iskar waje ce, ta kowa da kowa, me ya haɗa ta da cikin rumbu? Ga shi lokacin aikinsa ya zo, mutane na jira ya kwashe musu tsohon gero a zuba sabo, rumbu bayan rumbu, irin aikin da ke kwantar da ubansa kowace shekara. Luba ta bi gida gida tana roƙon a ba ta rumbu guda ta buɗe ta ɗebi iskar cikinsa. Babu wanda ya yarda, kuma ban ga laifinsu ba. In aka ce rumbun mutum na da ciwo, wa zai karɓi geronsa a biki, wa zai ci furar gidansa? Ta dawo ta ce mini Inna, an kusa karɓe jirgin, Yaya kuwa jibi zai fara.

Na yini ina duban rumbun Malam ta ƙofar ɗaki. Tun da ya rasu ba a taɓa shi ba. Dammunan da ke ciki da hannunsa ya jera su, jinkar shi ya ɗaura ta, in rana ta karkata inuwarsa har bakin ɗakina take zuwa, kuma ni a wannan inuwar nake jin kamar bai yi nisa ba. Ta cikin inuwar nan kuma nake jin tarin Magaji daga zaure. Da aka yi la'asar na aika a kira Sidi, da Magaji, da Luba, na zauna bayan labule na ce a buɗe na Malam.

Sidi ya ce ba za a yi ba. Ya ce rumbun gado ne ba a raba ba, marayu na da haƙƙi a ciki, kuma wannan tozarta mamaci ne, mutumin da ya yi suna da rumbu a ce nasa ne ruɓaɓɓe. Maganarsa ta farko gaskiya ce, ta biyun kuwa ta soke ni, don ni ma ita nake tsoro.

"Sidi," na ce, "ina da tumunin takaba, kashi ɗaya bisa takwas, cikin abin da ya bari, ko ba ni da shi?"

Ya ce ina da shi.

"To a ƙiyasta, a ba ni rumbun ga da abin da ke cikinai shi zan rabona. Ba ni son gona, ba ni son awaki. In ya hi tumunin, 'ya'yana na nan, a tambaye su ko sun yahe mani."

Luba ta ce ta yafe, kuma za ta kira sauran. Magaji ya ce abin da Inna ta ce shi ke nan, amma shi ya san abin da za a tarar, gero ne lafiyayye. Sidi ya kaɗe rigarsa ya ce na zaɓi abin wasan yara a kan darajar mijina, ya fita.

Washegari da hantsi aka yi. Luba ta raba wa kowa takunkumin rufe hanci da baki ta tsayar da mu ta inda iska ke fitowa. Aka sa dogayen gwangwala aka ture jinkar daga ƙasa ba tare da kowa ya hau ba. Ita kuwa ta kwance gwangwanin daga cikin Buzuzu ta ɗaura shi da doguwar igiya, tare da ɗan ido da 'yar fitila, don kada iskar fankokin ta hargitsa cikin rumbun. Buzuzu ya tashi, gwangwani na reto a ƙarƙashinsa, ya je ya tsaya bisa bakin, sannan ya riƙa sauka a hankali har igiyar ta shige. Na ce la ilaha illallahu, guga ce! Yau ga ɗiyata na jan iska daga rumbu kamar mai jan ruwa. Katangunmu kuwa duk kawunan mata ne, Kulu a gaba.

Muka taru a kan allon. Da farko zangarniyar gero ce jawur, tsaf, kamar jiya aka jera, Magaji ya yi wani ɗan murmushi. Luba ta ƙara sassauta shi ƙasa ta juya idon wajen bangon gabas, inda ruwan damina ke duka. Sai ga wata siririyar tsaga, daga ita har ƙasa dammunan sun manne da juna, sun yi baƙi da kore kamar an shafa musu kuka, wani abu kamar auduga ya lulluɓe su. Hasken fitilar na ratsa wata ƙura-ƙura da ke yawo a hankali. Daidai wurin kuma ga 'yan ramukan da Malam ya sassaƙa a bango don sa ƙafa. Nan yake sauka, nan yake sunkuyawa, fuskarsa a ciki.

Da aka jawo gwangwanin Luba ta buɗe da ɗan hantsaki. Takardar da ta shiga fara fat ta fito kalar ganyen da ya ruɓe. Ta ɗora ta kusa da wata sabuwa ta miƙa wa yayanta.

Magaji ya duba ya duba. Sai ya cire takunkumin ya yar, ya tuɓe riga, ya ɗauko tsani ya jingina da rumbun. Ya ce shi ba ya yarda da hoto, aikin ubansa ba ya tsagewa, sai ya shiga ya taɓa da hannunsa. Na gane ba gardama ba ce, ciwo ne, yana so ya wanke ubansa. Luba ta riƙe tsanin ya ture hannunta. Matarsa ta yi magana bai ji ba. Ya taka ya taka har kansa ya kai wuyan rumbun, daidai tafin hannun Malam, tarin nan ya kama shi a can sama, da fitonsa.

Ban yi shawara da kowa ba, ko da zuciyata. Na fito tsakiyar fili na ɗaga kai na dube shi, na kira shi da sunansa na yanka, da ƙarfi, yadda har na kan katanga suka ji.

Ya juyo. Mutum mai furfura a gemu, bai taɓa jin sunan nan daga bakina ba, ina jin bai ma san muryata na iya ɗaukarsa ba.

"Na ba rumbun ga mutum guda," na ce. "Ba ni ba shi na biyu. Sauko."

Ya tsaya kamar ba zai motsa ba. Sannan ya sauko a hankali, ya zo ya durƙusa gabana ya sunkuyar da kai. Na ɗora hannu a kansa, abin da rabona da yi tun yana goye. Kulu ce ta fara sauka daga katanga, sauran suka bi ta.

Bayan 'yan kwanaki Luba ta kawo mini hoton abin da madubi ya nuna, wasu 'yan ƙwallaye jere kamar carbi, ba iyaka. Ta ce ba za ta rantse cewa su kaɗai suka kashe Baba ba, wannan sanin Allah ne, amma irinsu ne ke cinye ƙirjin mai shaƙarsu shekara da shekaru. Ta kai yayanta wajen likitan ƙirji da hoton a hannu, aka ce nasa bai yi nisa ba, in ya daina shaƙa zai tsaya inda yake. Bai shiga rumbun kowa ba a kakar nan. Yanzu yana ginawa, amma da 'yar ƙofa a gefe da ake jawo dami da ƙugiya, kuma in dole sai an shiga, sai an buɗe ya sha iska an ɗaura takunkumi. Da farko an yi masa dariya, daga baya masu dariyar suka riƙa aiko masa.

Rumbun Malam kuwa ba a iya cetonsa ba. Aka fid da na saman da ke da kyau, sauran aka fasa bango aka ja da manjagara zuwa bayan gari aka ƙone. Ina tsaye a tsakar gida ina hango tumunina na tafiya hayaƙi, Luba ta ce ko ta tayar da Buzuzu ya ɗebi wannan ma, na ce tayar, ai aikinsa ne. Na fita takaba ba gona ba akuya, ina cin abin da 'ya'yana suka ba ni. Sidi ya yi shekara bai taka zaurena ba, ko da ya dawo wasan da ke tsakaninmu bai dawo ba, kuma shi ne ya fara faɗar maganar da kuke ji. Ban riƙe shi ba, ɗan'uwansa yake karewa. Inuwar nan ta la'asar ma ta tafi, yanzu rana har cikin ɗakina take shiga, kuma akwai ranakun da nake zama ina kallon filin ina kuka kamar jiya aka yi.

Da ake fasawa Magaji ya sa hannu ya ciro ɓangaren wuyan da ke da tafin ubansa bai bari ya fashe ba, ya kawo mini. Yana nan ƙarƙashin gadona a nannaɗe cikin zane, wanda ke son gani ya zo in nuna masa. Duk wanda ya ce muku na wulaƙanta kakanku, ku ce masa ya je zaure da safe ya saurara. Zai ji Magaji na karatu, ya kai ƙarshen aya da numfashi ɗaya.

Hadiza tana tambayata wai ta rubuta sunan da na kira a ranar. Ke kin san sunan ubanki, in kin ga dama ki sa da kanki. Ni sau ɗaya na faɗe shi, ya kuwa yi aikinsa, ba na ƙarawa.